Gayyar da Ba Mai Gona: Tarihin Masu Rubuta Wikipedia

A ranar 15 ga watan Janairu na shekarar 2001 aka buɗe wani shafi a intanet, a ƙasar Amurka, aka raɗa masa suna Wikipedia. Nufin waɗanda suka buɗe shi shi ne a tattara sanin duniya wuri ɗaya, irin littafin nan da ake kira insakulofidiya, wato kundin ilimi, inda mutum zai duba ya sami bayani a kan ƙasashe da cututtuka da sarakuna da taurari. Irin wannan littafi ba sabon abu ba ne. Sabon abin shi ne an bar ƙofa a buɗe, aka ce kowa ya shigo ya rubuta, kowa ya gyara abin da wani ya rubuta, ba a tambayar takardar makaranta, ba kuwa a biyan ko anini. Masu hankali da yawa suka ce abin ba zai kai ko'ina ba. Ga shi yau ana rubuta shi cikin harsuna fiye da 300, har da Hausa, na Turanci kaɗai kuwa ya wuce maƙala miliyan 7 a shekarar 2025.

Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Mutum ya dawo daga aiki a gajiye, ya ci abinci, maimakon ya kwanta sai ya zauna gaban kwamfuta har tsakar dare yana gyara tarihin garin da bai taɓa zuwa ba, domin mutanen da ba zai taɓa gani ba. Sunansa ma ba ya fitowa a kan maƙalar. Me ya kai shi? Amsar da aka fi bayarwa ita ce alheri da son taimakon jama'a. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ta cika ba. Tarihin aikin ya nuna lokutan da mutane suka zo da yawa, ya kuma nuna lokutan da suka ajiye fartanya suka tafi gida. A wajen tafiyar ce aka fi gane abin da yake riƙe da su.

Tun kafin a san kwamfuta an taɓa yin irin wannan aiki a Ingila, da takarda da alƙalami da gidan waya. A shekarar 1857 wata ƙungiyar masanan harshe a Landan ta ƙudura yin ƙamus wanda zai ɗauki kowace kalma ta Turanci, ya nuna lokacin da aka fara rubuta ta, da yadda ma'anarta ta yi ta sauyawa. Ba mutum ɗaya da zai iya karanta dukan littattafan da aka buga cikin ɗaruruwan shekaru. Saboda haka aka roƙi jama'a su taimaka. Kowa ya ɗauki littafi ya karanta, in ya ga kalma ya rubuta ta a 'yar takarda tare da jimlar da ta fito a ciki, da sunan littafin da shafinsa, ya aiko. Mutane suka amsa da murna. Amma shekara ashirin suka wuce ba a fitar da ko kashi ɗaya na ƙamus ɗin ba. Masu aikowa ba su ga abin da aka yi da wahalarsu ba, sai suka yi sanyi ɗaya bayan ɗaya. Sa'ad da aka tattaro takardun a 1879, an tarar ɓeraye sun yi gida a cikin wani buhu, waɗansu takardun sun ruɓe, waɗansu kuma sun ɓace.

A wannan shekara ce aka danƙa aikin a hannun James Murray, ɗan wani tela daga ƙauyen Denholm a Skotlan. Ya bar makaranta yana da shekara 14, ya koya wa kansa harsuna da dama, har ya zama malamin makaranta. Ya gina rumfar kwano a harabar gidansa, ya kafa katako mai ramuka fiye da dubu domin ajiye takardu, ya buga sabon roƙo aka rarraba. Abin da ya bambanta shi da na gabansa ƙarami ne a ido, amma shi ne ya rayar da aikin: yana amsa wasiƙa. Da hannunsa yake rubuta wa masu aikowa, ya gode musu, ya gaya musu kalmomin da ake nema, in an buga wani kashi kuma ya jera sunayen waɗanda suka fi ƙoƙari a gabatarwa. Takardu suka riƙa zuwa har kimanin dubu a rana. Bayan ya koma Oxford a 1885, sai da gidan waya ya kafa masa akwatin wasiƙa a ƙofar gida saboda yawan abin da yake aikawa.

Biyu daga cikin manyan mataimakansa sun isa a tsaya a kansu. Na fari shi ne William Chester Minor, likitan soja ɗan Amurka, wanda hankalinsa ya taɓu bayan yaƙin basasar ƙasarsu. A 1872 ya harbe wani bawan Allah a Landan, yana zaton maƙiyinsa ne, aka tsare shi a asibitin masu taɓin hankali na Broadmoor. Yana da kuɗin fansho, ya cika ɗakinsa da tsofaffin littattafai, ba shi kuwa da abin yi sai kallon bango. Da roƙon Murray ya iso gare shi, sai ya tsara wa kansa hanya: ya riƙa jera kalmomin kowane littafi bisa ga haruffa, ya tambayi masu ƙamus kalmar da suke kai a lokacin, ya aika musu daidai abin da suke bukata. Ya yi kusan shekara ashirin yana haka. Na biyun shi ne Fitzedward Hall, shi ma ɗan Amurka, masanin harshen Sanskirit na Indiya, wanda ya yi rigima da abokan aikinsa a Landan, ya yi fushi ya koma wani ƙauye ya rufe ƙofa. Daga can yake ba ƙamus ɗin awa huɗu kowace rana, har mutuwarsa a 1901, shi da Murray kuwa ba su taɓa haɗuwa ido da ido ba. Ba wanda zai ce tausayin masu karatu ne kaɗai ya zaunar da waɗannan mutum biyu. Ɗaya ya sami abin da zai tashi dominsa da safe, ɗaya kuma ya sami inda ake bukatar saninsa bayan duniya ta juya masa baya. An yi zaton aikin zai ɗauki shekara goma. Bayan shekara biyar, a 1884, ba a wuce kalmar da take nufin tururuwa a Turanci ba, wadda take cikin harafin A. Murray ya rasu a 1915 yana kan harafin T, sai a 1928 aka gama, da kalmomi fiye da 400,000.

Waɗanda suka kafa Wikipedia ba da wannan hanya suka fara ba. A watan Maris na 2000 wani ɗan kasuwa mai suna Jimmy Wales ya buɗe kundin ilimi na kyauta a intanet mai suna Nupedia, ya ɗauki Larry Sanger, masanin falsafa, ya zama babban edita. Sun so masana su yi rubutun, kowace maƙala kuma ta bi matakai bakwai na dubawa kafin a fitar da ita. A shekara ta fari maƙala 21 kaɗai suka tsallake. Wales da kansa ya gwada rubuta ɗaya a kan wani masanin tattalin arziki, Robert Merton, ya kasa gamawa. Daga baya ya ce da ya tuna manyan farfesoshi ne za su duba, sai ya ji kamar an mai da shi ɗalibi an ba shi aikin gida. In mai gida ya ji tsoron ƙofarsa, ina ga baƙo?

Mafita ta zo daga wata dabara da Ward Cunningham ya ƙirƙiro a 1995, wato shafin da duk mai karanta shi yana iya gyara shi nan take. Ya kira shi wiki, kalmar mutanen tsibirin Hawai mai nufin maza-maza, wadda ya ji a sunan motar da take jigilar fasinja a filin jirgin saman Honolulu. Sanger ya ba da shawara a buɗe irin wannan shafi a gefe, domin a riƙa tara ɗanyen rubutu kafin a kai wa masana. Sai ɗan rakiya ya fi mai tafiya sauri. Kafin shekara ta zagayo, Wikipedia ta tara maƙala kusan 20,000, Nupedia kuwa har aka rufe ta a 2003 ba ta kai 30 ba. Mutanen da suka ƙi zuwa can su ne suka zo nan, ba kuwa halinsu ne ya sake ba. A nan mutum yana iya farawa da gyaran harafi ɗaya, ya danna, ya ga gyaransa ya fito duniya tana gani. Gobe ya dawo ya tarar wani ya ɗora layi biyu a kan nasa. Wannan daɗin ganin aikin hannu ya tsiro, manomi ya san shi, magini ya san shi.

Jarrabawa ta fari ta zo da wuri. Kamfanin Wales mai suna Bomis shi ne yake biyan kuɗin injuna da albashin Sanger, kasuwa kuwa ta faɗi. A watan Fabrairu na 2002 Sanger ya ambata cewa mai yiwuwa a fara saka talla a shafin domin a sami kuɗi. Maganar ba ta wuce mai yiwuwa ba, amma ta isa. Masu rubuta Wikipedia ta harshen Sifen, da wani mai suna Edgar Enyedy a gabansu, suka kwashe dukan maƙalolinsu suka kai Jami'ar Sebiliya, suka buɗe nasu kundin mai suna Enciclopedia Libre. Doka ta ba su wannan dama, gama tun farko an rubuta kome a ƙarƙashin lasin da ya ce kowa yana iya kwafa da rarrabawa, muddin bai hana na bayansa yin haka ba. Wikipedia ta Sifen ta kusa mutuwa, sai da ta yi wajen shekara biyu kafin ta kamo su. Wales ya fito ya ce ba za a saka talla ba, a watan Yuni na 2003 kuma ya kafa Gidauniyar Wikimedia, wadda ba ta neman riba, ya mai da mallakar a hannunta. Gidauniyar tana da ma'aikata masu albashi da suke kula da injuna da shari'a, tana rayuwa da gudummawar masu karatu, amma ba ta biyan masu rubutu. Mutanen Sifen ɗin ba albashi suka nema ba. Abin da suka ƙi shi ne su yi noman gayya, ranar girbi wani ya zo da jakuna ya kwashe zuwa rumbunsa.

Da aikin ya girma, masu bincike suka fara tambayar masu rubutun da bakinsu. A 2007 Oded Nov, wani malamin jami'a a New York, ya buga sakamakon tambayoyin da ya yi wa mutum 151, waɗanda suke ba aikin kimanin awa takwas a mako. Dalilai biyu ne suka zo kan gaba: jin daɗin aikin, da aƙidar cewa ilimi bai kamata a kulle shi ba. Neman ci gaba a wurin aiki da neman abokai suka zo can ƙasa. Amma da ya gwada amsoshin da yawan aikin da kowa yake yi, sai ya ga masu cewa suna jin daɗi su ne suka fi aiki, ƙarfin aƙida kuwa bai nuna wanda zai fi wani ƙoƙari ba. Aƙida takan kawo mutum bakin gona, amma ba ita take sunkuyar da shi ba.

Abin da baki ya faɗa daban, abin da ƙafa ta yi daban. Mutanen nan sun ce ba don abokai suke zuwa ba, sai ga wani abu ya faru a ƙasar Sin wanda ya nuna akasin haka. A watan Oktoba na 2005 gwamnatin Sin ta toshe Wikipedia, toshewar da ta ɗauki kusan shekara guda. Mutanen cikin ƙasar ba su iya karantawa, ba su iya rubutawa. Amma akwai masu rubutu da harshen Sinanci a Taiwan da Hong Kong da Singafo da sauran ƙasashe, waɗanda toshewar ba ta taɓa su ba. Bisa ga tsohon lissafin masana tattalin arziki, in taro ya yi yawa kowa yakan noƙe ya bar wa wani, in taro ya ragu kowa yakan ƙara himma. To, da Xiaoquan Zhang da Feng Zhu suka ƙirga gyare-gyaren, suka buga a 2011, sun tarar waɗanda ba a toshe ba sun rage aikinsu da kashi 42.8 cikin ɗari. Waɗanda suka fi ragewa kuwa su ne masu yawan hira da muhawara da 'yan'uwansu a shafukan tattaunawa. Ba wanda ya hana su, ba wanda ya zage su. 'Yan kallo ne suka ragu, abokan aiki suka ɓace, sai hannu ya mutu.

Wanda ya taɓa zuwa gayya ba zai yi mamaki ba. Ba a biyan lada a gayya, amma ba a komawa hannu wofi. Akwai fura, akwai kiɗa, akwai maroƙin da yake kiran sunan saurayin da ya tsere wa tsara a kan kunya, akwai kuma sanin cewa ran da naka ya taso za a zo. A cire makaɗi, a cire 'yan kallo, a ga ko gonar za ta ƙare kafin la'asar. Masu Wikipedia su ma sun yi wa kansu makaɗi. Tun wajen ƙarshen 2003 suke da al'adar manna wa juna hoton tauraro a shafi, in wani ya ga wani ya yi ƙoƙari. Asalinsa tauraron ƙarfe ne da manoman Amurka suke kafawa a jikin rumbunansu, waɗanda a dā maƙwabta suke taruwa su gina wa juna a rana ɗaya, wato gayya ke nan irin tasu. Tauraron ba ya sayen ko gishiri. Duk da haka, a 2012 Michael Restivo da Arnout van de Rijt suka zaɓi mutum 200 daga cikin waɗanda suka fi aiki, suka ba rabi tauraro ta hanyar ƙuri'a, suka bar rabi. Cikin kwana 90 waɗanda aka ba sun fi sauran aiki da kimanin kashi 60 cikin ɗari. Jana Gallus ta yi irin wannan gwaji da sababbin shiga a Wikipedia ta Jamusanci, da lambar yabo mai hoton wani furen duwatsu, ta tarar yawan waɗanda suka dawo a wata na gaba ya ƙaru da kashi 20 cikin ɗari. Abin dariya a nan shi ne yawancinsu da laƙabi suke aiki, ba da sunan yanka ba. Kirarin ba ya isa gidansu, matansu da maƙwabtansu ba su san da shi ba, amma yana ratsa su.

Haka abin yake a wajen koyo. A 2011 malamai biyu na Jami'ar Stanford, Sebastian Thrun da Peter Norvig, suka buɗe darasinsu na ilimin kwamfuta a intanet kyauta. Mutum 160,000 suka rubuta suna, jaridu suka ce zamanin jami'a ya ƙare. Kimanin 23,000 ne suka kai ƙarshe, darussan da suka biyo baya kuwa da yawa ko kashi 10 cikin ɗari ba su riƙe ba. Ba laifin darasin ba ne. Ɗalibin da yake zaune shi kaɗai da waya a hannu, in ya yi fashi ba wanda zai tambaya ina wane, in ya ci ba wanda zai ce madalla. Mai rubuta Wikipedia yakan koyi abu da yawa ba tare da ya ce ya zo koyo ba, gama ba zai rubuta a kan zazzaɓin cizon sauro ba sai ya karanta, in ya yi kuskure kuma kafin gari ya waye wani ya nuna masa.

Sai dai wannan nuna kuskuren shi ne ya kusa cinye gidan. A 2005 wani ya rubuta ƙarya a shafin John Seigenthaler, tsohon ɗan jarida a Amurka, ya ce an taɓa zarginsa da hannu a kisan John Kennedy da ƙanensa Robert. Alhali Seigenthaler ma'aikacin Robert Kennedy ne kuma amininsa, yana cikin waɗanda suka ɗauki gawarsa. Ƙaryar ta zauna wata huɗu ba a lura ba. Da dattijon ya rubuta a jarida a watan Nuwamba, abin ya zama abin kunya a duniya. Aka hana waɗanda ba su yi rajista ba buɗe sabuwar maƙala a Turanci, aka tsananta dokar kawo hujja, aka ƙera injunan kwamfuta masu sintiri dare da rana suna soke ɓarna cikin ƙiftawar ido. Ba yadda za a yi a ce wannan bai kamata ba. Kundin da miliyoyi suke dogara da shi ba zai zama bangon da kowane yaro zai zana abin da ya ga dama ba. Amma garin neman gira aka taɓa ido. Masu aiki a kai a kai a Wikipedia ta Turanci sun wuce 50,000 a 2007, daga nan suka fara raguwa, kafin 2013 fiye da kashi ɗaya cikin uku sun tafi. Aaron Halfaker da abokan bincikensa suka bi sawun sababbin shiga ɗaya ɗaya, suka buga a 2013. Sun tarar masu zuwa da kyakkyawar niyya ba su ragu da kirki ba, tarbar da ake yi musu ce ta sake. A dā sabon shiga yakan sami mutum ya ce masa maraba ya gyara masa. Yanzu gyaransa na fari sai a soke shi, a manna masa gargaɗin da inji ya rubuta. Wanda aka yi wa haka da wuya ya dawo. Tsofaffin hannu kuwa, waɗanda suka haddace dokokin, sai suka zama kamar masu gadin ƙofa. A 2012 aka buɗe wani zaure mai suna Teahouse, wato teburin mai shayi, inda baƙo zai yi tambaya a amsa masa da sakin fuska. Abin da Murray ya yi da alƙalami ke nan fiye da shekara ɗari kafin su.

Akwai wani dalili kuma wanda ba daɗi ba ne, ba yabo ba ne, haushi ne. Mutum ya nemi abin da ya sani yana da daraja, ya tarar babu shi, ko an rubuta shi a karkace. Ƙidayar da aka yi wajen 2010 da 2011 ta nuna mata ba su kai kashi 15 cikin ɗari na masu rubutu ba, abin ya kuwa nuna a cikin kundin. A watan Oktoba na 2018 aka ba Donna Strickland ta Kanada kyautar Nobel a kimiyya, sai aka duba aka ga ba ta da shafi. Wani ya gwada buɗe mata, aka ƙi a watan Mayu, wai ba a kawo isasshiyar hujjar shahararta ba. Emily Temple-Wood, wadda ta fara rubutu tana da shekara 12, ta kafa ƙungiyar rubuta tarihin mata masana kimiyya a 2012. Da marasa kunya suka dame ta da saƙonnin batsa, sai ta ɗaura niyya duk saƙo ɗaya za ta rama da tarihin mace ɗaya.

Wannan haushin ganin giɓi shi ne ya fi tura masu ƙananan kundaye, amma himma ita kaɗai tana da nata haɗari. A watan Agusta na 2020 aka gano cewa wani matashi ɗan Amurka, wanda ba ya jin harshen Skots na mutanen Skotlan, ya rubuta maƙala fiye da 20,000 a Wikipedia ta wannan harshe, kusan kashi ɗaya cikin uku na dukan abin da yake ciki. Ya fara tun yana ɗan shekara 12. Yakan ɗauki maƙalar Turanci, ya duba ƙamus, ya musanya kalma da kalma, ya bar ginin jimlar yadda yake. Ba mugunta ya nufa ba, yana zaton taimako yake yi, ya shekara bakwai yana yi ba dare ba rana. Masu harshen na ainihi ba sa wurin, waɗanda suka leƙa suka ga shirme suka wuce. Da asiri ya tonu aka yi masa ca da zagi, wanda bai dace ba, gama yaro bai hana kowa zuwa ba. Daga baya masu harshen suka shirya zaman gyara, aka goge dubban maƙaloli.

Wannan labari ya shafi Hausa kai tsaye. Wikipedia ta Hausa ta daɗe da 'yan maƙaloli kaɗan, sai a 'yan shekarun nan matasa suka haɗa kai, suna shirya tarurrukan koyarwa da gasar rubutu, har maƙalolin suka kai dubun dubata. Nauyin da yake kansu ya fi na takwarorinsu na Turai. Wanda yake Jamus yana ba da lokacinsa ne kawai, wanda yake Maraɗi ko Kano ko zangon Kumasi yana ba da lokaci, ya sayi intanet da kuɗin aljihunsa, ya nemi inda zai yi cajin waya, ya kuma yi fama da madannin da ba shi da ƙ da ɗ da ɓ. Saboda haka tallafin da Gidauniyar Wikimedia take bayarwa domin taro da kuɗin intanet ba abin zargi ba ne, furar gayya ce. Inda ake jin tsoro shi ne gasar da take ƙirga yawa kawai. In aka ce wanda ya fi maƙala shi ne zai ɗauki kyauta, ga kuma injin fassara a tafin hannu, to, an buɗe ƙofar da yaron nan na Amurka ya shiga. Mai karatu yakan ci karo da shafin da kalmominsa Hausa ne amma ƙashinsa Turanci ne, ya karanta sau uku bai gane ba. Su kuma injunan fassara daga irin waɗannan shafuka suke koyon Hausa, su dawo da ita ga mai fassara na gaba.

Abin da inji ba zai iya kawowa ba shi ne abin da ba a taɓa rubutawa da Turanci ba. Tarihin Tasawa da Birnin Ƙonni da Dogondutsi, yadda fatake suka kafa zango a Salaga saboda goro, unguwannin Hausawa a Garwa da Njamena da bakin Kogin Nilu, sunayen irin gero da na kiɗan sana'a, duk waɗannan suna cikin kan dattawa da cikin 'yan littattafan da suke kwance a ɗakunan karatu na Yamai da Zariya. Dokar Wikipedia ba ta karɓar abin da aka ji a baki sai an buga shi a wani wuri, wannan kuwa babban cikas ne ga mutanen da yawancin tarihinsu a baki yake. Wanda yake so ya rubuta garinsu sai ya fara neman littafin da ya ambace shi, ko kundin digirin wani ɗalibi, ko tsohuwar jarida, ya kawo sunan marubucin da shekara da shafi, kamar yadda masu aika wa Murray takardu suke yi.